Murhun dumama gida da na kafa da kaina yana baƙanta gilashi, iyalina kuma suna tashi da ciwon kai

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne, ina zaune da iyalina a bayan garin Harrisburg da ke jihar Pennsylvania a Amurka. Saboda tsadar man dumama gida, bana na sayi murhu na hannu, irin mai cin ƙwayoyin garin katako da ake kira felet, na kafa shi da kaina a falo domin kuɗin da masu aikin suka nema ya yi mini yawa. Bututun hayaƙin mai faɗin inci 3 ne. A bayan murhun akwai mahaɗa mai baki uku, daga nan bututun ya miƙe sama ƙafa 4, ya karya da gwiwa, ya kwanta ƙafa 4 ya huda bango, a waje kuma na sa wata gwiwar ta kalli ƙasa don kada ruwa ya shiga. Idan na ƙara wuta, harshenta yakan yi tsawo, ya yi ja mai duhu yana lanƙwasa, gilashin ƙofar ya yi baƙi ƙirin cikin 'yan sa'o'i, ƙwayoyin kuma su taru a kaskon ba su ƙone ba. Idan na zaro makullin iska gaba ɗaya, sai wutar ta mutu duk lokacin da na rage ta. Wani abokina ya ba ni lambar da ya saita nasa a kai, amma ba ta yi mini amfani ba. Muna jin warin hayaƙi, musamman idan uwargida tana girki, kuma ita da ƙaramar 'yarmu sun fara tashi da ciwon kai. Ta ce in kashe shi in kira masu sana'ar, ni kuwa ina ganin saitin iska ne kawai ya rage. Yaya zan daidaita shi?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, kafin mu zo kan saitin iska, ina roƙonka ka kashe murhun nan a yau, kada kuma a sake kwana da shi a kunne sai an gama abubuwan da zan bayyana maka. Ka kashe shi ta makunninsa, kada ka zare wayarsa daga bango, domin bayan ya daina zubo ƙwaya fankar da ke fitar da hayaƙi tana ci gaba da juyawa har sai garwashin ya mutu, idan kuwa ka yanke mata lantarki, hayaƙin da ya rage zai rasa mai tura shi waje ya dawo muku cikin falo. Uwargida ta yi gaskiya. Ciwon kan da mutum biyu suke tashi da shi a gidan da ake jin warin hayaƙi, kuma ya faro bayan an kafa sabon murhu, ana ɗaukarsa a matsayin alamar iskar kabon monoksaid har sai an tabbatar ba ita ba ce. Iskar nan ba ta da launi, ba ta da wari, kuma ita ce dai wadda take hallaka iyali guda a ƙasashenmu idan aka kwana da janareta a cikin gida ko aka rufe ɗaki da kaskon gawayi a lokacin hunturu. Tana kama jini fiye da yadda iskar da muke rayuwa da ita take kama shi har sau fiye da 200, shi ya sa kaɗan daga cikinta, idan aka daɗe ana shaƙa cikin barci, yake isa ya kawo ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce mutum fiye da 400 ne ke mutuwa duk shekara a ƙasar ta wannan hanya ba tare da gobara ba.

Ka kai uwargida da yarinyar wurin likita, ka faɗa masa a fili cewa kuna da murhun da kuke zargi, domin alamomin suna kama da na mura, kuma yawan iskar da gwajin jini zai nuna yana raguwa bayan mutum ya fita ya shaƙi iska mai kyau. Idan wani ya fara amai, ko ya rikice, ko barci ya yi masa nauyin da ba a saba gani ba, a fitar da kowa waje a kira 911, lambar agajin gaggawa, 'yan kwana-kwana suna zuwa da na'urar auna iskar. Sannan ka sayi ƙararrawar gargaɗi ta kabon monoksaid, wadda ta sha bamban da ta hayaƙi, ka sa ɗaya a kowane hawa na gidan da kuma kusa da ɗakunan barci. Amma ka sani cewa an ƙera waɗannan ƙararrawa ne don su yi ƙara idan iskar ta kai wani mataki ta kuma daɗe, misali a kashi 70 cikin miliyan tana iya ɗaukar awa ɗaya zuwa huɗu kafin ta yi kuka. Shirunta ba shaida ba ce cewa aikinka ya yi daidai.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe game da tambayarka. Makullin iska shi ne abu na ƙarshe da ake taɓawa, kuma shi ne mafi ƙanƙantar gyara a cikin aikin gaba ɗaya. Aikinsa rage iskar da murhu ya riga ya samu, ba ya iya ƙirƙiro iskar da babu. Kai kuwa abin da ka kwatanta ya nuna murhunka ba ya samun isasshiyar iska tun daga tushe.

Murhun felet ba ya numfashi kamar murhun itace, wanda zafin hayaƙi ne kawai ke jan iskarsa ta dogon bututu. Shi fanka ce a ƙarshen hanyar hayaƙi take zuƙo iska daga mashigarta, ta ratsa da ita ta ƙananan hujojin da ke ƙasan kaskon wuta, ta bi ta cikin ƙwayoyin da ke ci, ta zagaya ta lungunan da ke ɗumama ƙarfe, sannan fankar ta tura hayaƙin cikin bututu. Wannan ya raba murhun gida biyu. Daga mashigar iska zuwa fanka, ana zuƙa ne, don haka duk wata kafa a wannan ɓangare, kamar bakin ƙofar da bai rufu sosai ba, tana shigo da iskar da ba ta bi ta ƙarƙashin wuta ba, sai kaskon ya rasa rabonsa. Daga fanka zuwa bakin bututu a waje, ana turawa ne, don haka duk wata kafa a wannan ɓangare tana feso hayaƙi cikin ɗaki. Wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya ga yadda abin yake: idan fatar zugazugi ta huje, ko bakinsa ya toshe da toka, duk ƙarfin da mai zuga zai sa garwashin ba zai yi fari ba, kuma ba wanda zai ce a gyara hannun mai zuga kafin a ɗinke fatar.

Da wannan za ka fahimci abin da ya rikita ka. Idan ka ƙara wuta, ƙwaya tana zubowa da yawa, tana bukatar iska mai yawa, amma hanyar ta ƙuntata, sai wutar ta yi ja, ta yi hayaƙi, ƙwayar ta taru. Idan ka rage wuta alhali makullin yana buɗe gaba ɗaya, 'yar ƙwayar da ke zubowa sai ta ƙone da sauri kafin wata ta iso, wutar ta mutu. Babu wurin da za ka ajiye makullin ya gamsar da matakan biyu muddin hanyar tana a yadda take.

Mu fara da bututun, tunda ka ba ni awonsa. Yawancin littattafan jagora na irin wannan murhu a Amurka suna da lissafin da ake yi don a san nauyin da bututu ya ɗora wa fanka. Ana ƙirga kowace gwiwa mai cikakkiyar karya, da kowace mahaɗa mai baki uku, a matsayin ƙafa 5. Gwiwa mai rabin karya ƙafa 3 ce. Kowace ƙafa ta bututun da ke kwance ƙafa ɗaya ce, ta wanda ke tsaye kuwa rabin ƙafa, saboda hayaƙi mai zafi yana taimakon kansa wajen hawa. Naka ke nan: mahaɗa 5, gwiwa biyu 10, kwance 4, tsaye 2, jimla 21. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce idan jimlar ta haura 15, bututu mai inci 3 ya yi kaɗan, sai a koma mai inci 4. Ka wuce iyakar da tazara mai yawa, kuma ko ka cire gwiwar waje za ka tsaya a 16. Saboda haka shawarata ita ce ka koma inci 4 tun daga mahaɗar, ko kuma ka sake fasalin hanyar ta yadda za ta gajarta. Gwiwar nan da ka kifa tana kallon ƙasa ita ce na fi rashin jin daɗinta, domin tana tilasta wa hayaƙi mai zafi ya gangara, abin da ya saba wa ɗabi'arsa, kuma toka tana son taruwa a irin wannan lungu. Akwai hular bakin bututu da aka ƙera musamman don wannan aiki, tana kare ruwa da iska ba tare da ta shaƙe mafita ba. Hawan ƙafa 4 da ka yi a cikin ɗaki kuwa dabara ce mai kyau, kada ka rabu da shi, don shi ne zai ja ragowar hayaƙi waje ranar da lantarki ya ɗauke wuta tana ci. Ɓangaren da ke kwance ma kada ya zama shimfiɗe sosai, ana so ya riƙa ɗagawa wajen rubu'in inci a kowace ƙafa yayin da yake nufar waje.

Ka duba rubutun da ke jikin bututun ka tabbatar mai ruɓi biyu ne da aka yi don murhun felet, irin wanda ake wa alamar PL ko L. Bututun injin busar da tufafi ko na tukunyar gas ba su dace ba ko kaɗan. Kowace gaɓa da ke cikin ɗaki tana bukatar a ɗaure ta yadda mai bututun ya ce, a kuma like ta da silikon mai jure zafi idan ba ta zo da robar hatiminta ba, har da murfin ƙasan mahaɗar da ake buɗewa don kwashe toka, wanda mutane suka fi mantawa da shi. Hanya mai sauƙi ta gano inda yake yoyo ita ce a lokacin gwaji, ka kashe fitilun falo, ka haska tocila a kan gaɓoɓin a mintunan farko na kunnawa, lokacin da hayaƙi ya fi kauri. Za ka ga siririn zarensa yana fita daga inda ido bai taɓa zargi ba. A waje kuma ka auna tazarar bakin bututun da tagogi da ƙofofi. Littattafai da yawa suna neman ƙafa 4 daga gefe ko daga ƙarƙashin tagar da ake buɗewa idan murhun ba ya ɗaukar iska daga waje, kuma bakin ya kasance sama da inda dusar ƙanƙara take kaiwa. Idan bangon yana fuskantar yamma ko arewa maso yamma, inda iskar sanyi ta fi kaɗowa a yankinku, wannan ma yana danne hayaƙi, kuma maganinsa a ƙara wa bututun hawa a waje.

Abu na biyu shi ne kasancewar murhun na hannu ne. Murhun da ya yi shekaru yana aiki yakan tara toka a wuraren da ba a gani daga ƙofa: bayan farantan ƙarfen da ke cikin ɗakin wuta, cikin lungunan da hayaƙi ke bi, da kan fukafukan fankar kanta. Tokar felet laushi gare ta kamar gari, tana kwanciya a hankali har ta rage faɗin hanya, kuma yawancin murhun da ake cewa ya lalace datti ne kawai ya shaƙe shi. Ka nemo littafin jagorarsa da lambar samfurin da ke kan farantin bayansa ko cikin murfin rumbun ƙwaya, kamfanoni suna ajiye su a intanet kyauta. Bayan ya huce sarai kuma ka zare wayarsa, ka buɗe duk ƙofofin shara da littafin ya nuna, ka cire fankar hayaƙi ka goge ta, ka tanadi sabon faki, wato abin da ake sawa tsakanin fankar da jikin murhun don toshe yoyo, domin tsohon yakan yage. Ka ɗauki kaskon wuta ka ɗaga shi sama wajen haske, ka bi hujojinsa ɗaya bayan ɗaya da ƙusa har sai kowanne ya nuna haske, ka kankare dunƙulen tokar da ya daskare a gindinsa, sannan ka tabbatar ya zauna daram a mazauninsa ba tare da gibi ba. Igiyar da ke zagaye da bakin ƙofa kuwa ana gwada ta da takardar dala ɗaya: ka sa ta a bakin ƙofar ka rufe, ka ja. Idan ta zare ba tare da turjiya ba, igiyar ta mutu a wannan wuri. Ka zagaya ƙofar duka da wannan gwaji, ka yi wa aljihun toka ma haka. Sabuwar igiya ba ta da tsada, kuma sau da yawa ita kaɗai takan mayar da jan harshen wuta ya koma rawaya.

A nan zan ja kunnenka kan wani abu da za ka iya cin karo da shi wajen masu ba da shawara. A cikin murhun akwai wani ɗan makunnin tsaro da ke jin ƙarfin zuƙar fanka ta wani siririn tiyo, idan zuƙar ta yi rauni sai ya hana ƙwaya zubowa. Wasu sukan haɗe wayoyinsa biyu don murhun ya ci gaba da aiki. Kada ka yi haka, kuma tunda na hannu ka saya, ka leƙa ka tabbatar mai shi na farko bai yi ba.

Maganar warin da ke ƙaruwa idan uwargida tana girki ita ce ta fi ba ni haske a wasiƙarka. Gidajen ƙasashen sanyi a like suke, tagoginsu da ƙofofinsu ba sa barin iska ta shiga yadda take so. Girkinmu kuwa mai daɗewa ne a kan wuta, ga suya, ga miya, don haka fankar da ke saman murhun kicin takan yi sa'o'i tana kwashe iskar gida tana fitarwa. Idan aka haɗa da fankar banɗaki da injin busar da tufafi, sai gidan ya zama yana neman iskar da zai maye gurbin wadda ta fita, ya shiga jayayya da fankar murhunka a kan ɗan abin da ya rage, har ya riƙa janyo hayaƙi ta kowace gaɓar da ba ta liƙe ba. Gwajinsa ba wuya. Ranar da za ka kunna murhun don gwaji, da rana, ƙararrawa tana aiki, yara ba sa gida, ka kunna fankar kicin ka kalli wutar, sannan ka ɗan buɗe tagar da ta fi kusa. Idan harshen ya miƙe ya yi haske cikin minti ɗaya ko biyu, gidan ne ke shaƙe shi. Maganin shi ne a jawo wa murhun iskarsa kai tsaye daga waje ta wani bututun ƙarfe dabam da ake haɗawa da mashigar iskarsa. A gidajen da ake ja a kan taya doka ce ta tilasta haka, a irin naka kuwa ni ina ganin bai kamata a tsaya jiran doka ba. Kada dai a ce wa uwargida ta daina kunna fankar kicin, domin ita ma tana fitar da abin da bai kamata a shaƙa ba.

Idan an gama duk wannan, to lokacin saitin iska ya yi. Murhuna sun bambanta a nan. Wasu, kamar na kamfanin Enviro, suna da sandar da ake zarowa ko a tura. Na Harman suna da ɗan sukuru a allon sarrafawa da ke ƙara ko rage gudun fanka, na Englander kuwa da maɓallai ake yi. Lambar da abokinka ya ba ka ba za ta yi maka aiki ba ko da murhunku iri ɗaya ne, don bututunsa ba naka ba ne, gidansa ba naka ba ne. Idan kuma kamfaninku ya bambanta, tazarar tana da girma ƙwarai: ana auna zuƙar ne da abin da ake kira incin ruwa, kuma akwai murhun da littafinsa ke neman wajen 0.1, akwai wanda yake neman wajen 0.4. Littafin naka shi ne alƙali. Zai nuna maka ɗan ramin gwaji da aka toshe da sukuru a jikin ɗakin wuta, zai kuma faɗa maka ko a kan wuta mai ƙarfi za a auna ko a yanayin gwaji babu wuta. Ma'aunin matsin iska ƙarami, mai allura ko mai lambobi, na fi son ka saye shi da ka dogara da ido kawai, domin ido yana saba wa abin da ya daɗe yana gani har ya ɗauka daidai ne.

Ga mai sanda irin naka, ka fara daga inda littafin ya ce a fara, ka kunna, ka kai wutar mataki na sama, ka bar ta ta yi kamar rabin awa har ƙarfen da bututun su ɗauki zafi, domin bututu mai sanyi ba ya ja kamar mai zafi. Sannan ka matsa sandar kaɗan, kamar rubu'in inci, ka ɗauke hannunka, ka jira minti goma zuwa goma sha biyar kafin ka yanke hukunci. Gaggawa ce ke ɓata wa mutane wannan aiki, sukan matsa su sake matsawa kafin wutar ta amsa na farko, su kuma taɓa yawan zubar ƙwaya a lokaci guda, har su kasa sanin wanne ne ya kawo canji. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa, kana rubutawa a takarda. Wutar da kake nema rawaya ce mai haske, harshenta a tsaye yana motsi da kuzari, babu baƙi a tsininsa, ƙwayoyin da ke kaskon suna ɗan motsawa amma ba sa tsalle waje, kuma tsayin garwashin ba ya ƙaruwa. Idan harshen ya gajarce yana huci, tartsatsi da ƙwayar da ba ta gama ci ba suna tashi suna faɗawa aljihun toka, iska ta yi yawa, kuma zafin da ka saya da kuɗinka yana ficewa ta bututu. Idan ka samu daidai a sama, ka sauko mataki na ƙasa ka zauna da shi awa guda ka ga ko zai riƙe wuta. Idan yana neman mutuwa, ka tura sandar ciki kaɗan, ko ka ƙara zubar ƙwaya ta matakin ƙasa idan murhun yana da wannan saiti. Inda matakan biyu suka yarda, ka ja layi a jikin sandar da alƙalamin da ba ya gogewa. Washegari gilashi da toka za su ba ka sakamako: ɗan hazo fari ko ruwan ƙasa mai haske da ke gogewa da tsumma, da toka mai laushi ruwan toka, alama ce ta ƙonewa mai kyau. Baƙi mai maiƙo yana nufin har yanzu iska ba ta isa ba.

Ƙwayar ma tana da nata tasiri. Ka nemi buhun da ke ɗauke da alamar inganci ta PFI, ƙungiyar masu sana'ar felet ta Amurka, a matakin da tokarsa ba ta wuce kashi 1 cikin 100 ba, ka ajiye shi inda danshi ba ya kaiwa, kada ka juye garin da ke gindin buhu cikin rumbu. Duk lokacin da ka sauya kamfanin ƙwaya, ka sa ran za ka ɗan matsa sandar daga layin da ka ja.

Saura batun da ke tsakaninka da uwargida, wanda nake ganin shi ne ya fi yi maka nauyi. Ka yi wannan aiki ne don ka sauƙaƙa wa gidanka, kuma yawancinsa aikin da mai hankali zai iya yi da hannunsa ne, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abin da ta nema ba ya rushe abin da ka gina. Kana iya yin sharar, da sauya igiya, da sake bututun da kanka, sannan ka biya ƙwararre kuɗin zuwa ɗaya kawai ya duba ya auna, wanda bai kai kuɗin kafawa gaba ɗaya ba. Ka nemi mai takardar shaidar NFI, cibiyar da ke tantance masu aikin murhu a Amurka, a fannin murhun felet, ko mai sharar bututun hayaƙi da ke da shaidar CSIA, cibiyar da ke tantance masu wannan sana'a. Ka kuma je ofishin ƙaramar hukumarku ka tambayi batun takardar izini da zuwan jami'in duba gini, ka sanar da kamfanin inshorar gidanka a rubuce, domin murhun da aka kafa ba da saninsu ba yana iya zama hujjar jayayya ranar da, Allah ya kiyaye, aka samu gobara. 'Yan'uwa da ke wasu ƙasashe su ma su lura: a Jamus sai jami'in bututun hayaƙi na yanki ya amince kafin a fara amfani da murhu, a Italiya ana bukatar hayaƙin ya fita ta saman rufi, a Kanada kuma kamfanonin inshora sukan nemi binciken lafiyar murhu da bututunsa da ake kira WETT.

Ka zauna da ita ka gaya mata cewa ka kashe murhun saboda maganarta, ka nuna mata lissafin bututun da jerin abin da za a gyara, kuma ranar da ƙwararren zai zo ka bari ta kasance a wurin ta yi tambayoyinta. Ita ce ke wuni a gidan da yara, don haka ya kamata ta san yadda ake kashe shi daidai, ta san kamannin wuta mai lafiya da marar lafiya, ta kuma san cewa idan lantarki ya ɗauke wuta tana ci, ba a buɗe ƙofar murhun, sai dai a ɗan buɗe taga a bar shi ya mutu da kansa. Kafin a kammala gyaran, ku koma kan na'urar dumama gidan ta asali ko da man ya yi tsada, kuma kada sanyi ya sa a kunna murhun gas na kicin ko a shigo da gawayi don ɗumama ɗaki. Bayan an fara amfani da shi, ka riƙa kankare kaskon kullum ko bayan kwana biyu, ka zuba tokar a bokitin ƙarfe mai murfi a waje nesa da bango, ka kuma buɗe mahaɗar da bututun ka share su duk bayan tan ɗaya, wato buhu 50 masu nauyin fam 40, sannan ka sake sa ma'aunin a ramin gwaji ka gani ko lambar tana nan inda ka bar ta.